Shekarar da Ruwa Bai Isa Gonar Audu Ba

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, tare da fatan kun isa lafiya kuma gidan da aka ba ku ya yi muku. Ki gaida maigidanki Malam Kabiru, ki shafa min kan yaran. Allah ya tsare ku a baƙon wuri, ya haɗa ku da maƙwabta na gari. Mu nan kowa lafiya, Innarki tana gaishe ki.

Ranar da kuke loda kaya a mota kin ja ni gefe kin ce, "Baba, an ce ni zan riƙe asibitin. Ma'aikata tara ne, wasu ma sun haife ni. Yaya ake tsara mutane su yi aiki tare?" Na ce miki Allah zai dafa miki. Addu'ar har zuciyata na yi ta, amma ni da ke mun san kauce wa tambayar na yi. Kin tambaye ni ne don kin ga na daɗe ina shugabancin ƙungiyar manoman rani ta garinmu, kina zaton na iya. Ban iya ba, Uwata. Lokacin da abin ya faru kina makarantar koyon aikin lafiya, ni kuma ban taɓa ba ki labarin ba saboda kunya. A waya ba zai faɗu ba, kati zai ƙare ban kai rabi ba. Shi ya sa na zauna na rubuta. Ki yi haƙuri da rubutun, da kuma ni, don har yau akwai wuraren da ban gane ba.

Kin san magudanarmu. Ta ɓalle daga babbar hanyar ruwan da ke zuwa daga dam, da ƙofar ƙarfe a bakinta wadda ake murɗawa a ɗaga. Ta ratsa gonaki, ta shige ƙarƙashin hanyar da muke bi zuwa kasuwar Bunkure, ta je ta ƙare wajen tsamiyoyin nan. Masu gona kusa da ƙofa su ne 'yan sama, na can ƙarshe 'yan ƙasa. Da can ma'aikatan gwamnati ke buɗewa da rufewa. Sai aka zo aka ce daga yanzu ƙananan magudanai manoma ne za su kula da abinsu, kowane reshe ya kafa ƙungiya. Aka taru a ƙofar gidan dagaci aka zaɓe ni. Ba don na fi kowa ba, sai don na yi boko kaɗan, kuma gonata tana tsakiya, ba ta sama ba ta ƙasa.

Kuskurena na farko shi ne na rungume komai ni kaɗai. Ni ke buɗe ƙofa, ni ke rufewa, ni ke faɗin ranar kowa ta ban ruwa, ni ke raba faɗa. Na sa wa ƙofar kwaɗo, makullin yana aljihuna. A zatona wannan shi ne riƙon amana. Idan wani ya ce zai taya ni sai in ce ya bari kawai, don ina ganin in na bar masa ba zai yi daidai ba.

Sai Gwaggonki Ladi ta rasu a Zariya. Saƙon ya same ni a gona, ko gida ban daɗe ba na kama hanya. Ranar sadakar uku ina zaune cikin 'yan ta'aziyya na sa hannu a aljihu zan ɗauko carbi, sai na ji ƙarfe. Makullin ne. A lokacin ko waya ɗaya babu a garinmu. Da na dawo na tarar an fasa kwaɗon, amma sai da suka yi kwana biyu suna tsaye a gaban ƙofar suna kallonta, kowa yana cewa ba shi aka naɗa ba. Albasar mutane da yawa da aka dasa a makon ta kwanta. Ba wanda ya zage ni, saboda rasuwa aka yi min, kuma wannan shirun ya fi zagi zafi.

Saboda haka in kin shiga asibitin nan, kada makullin ɗakin magani ya zama a jakarki ke kaɗai. Duk abin da in kin yi zazzaɓi zai tsaya, ki koya wa wani tun kina da lafiya. Wannan kam na tabbata da shi. Sauran da za su biyo baya ne suka rikita ni.

Bayan 'yan watanni aka kira shugabannin ƙungiyoyi bita a Kano. Wani jami'i, Malam Nura, mutumin kirki, ya tsaya a gaban allo ya zana akwati a sama ya rubuta shugaba. Ya ja layi ƙasa ya zana wasu akwatunan, kowanne da aikinsa. Ya ce aiki ba ya tafiya sai an rarraba shi, kowa ya san wanda yake sama da shi da wanda yake ƙasa da shi. Ni da ciwon makulli bai bar ni ba, sai na ji kamar da ni yake. Ya ma ƙara da cewa kowa ya duba yanayin garinsa kafin ya kwaikwaya, amma wannan maganar ban riƙe ta ba. Akwatunan na riƙe.

Na dawo na sayi babban farin kwali a Kura na zana nawa. Kwamitin ruwa, kwamitin yashe magudana, kwamitin sulhu, kwamitin ladabtarwa, har da na hulɗa da jama'a, wanda har yau ban san me na so su yi ba. Kowane kwamiti da shugaba da mataimaki da sakatare. Kusan duk mai gona sai da ya sami muƙami. Da aka zo kan ƙofar ruwa, unguwannin garinmu biyu kowacce tana son nata ya riƙe. Don kada ran kowa ya ɓaci sai na naɗa Sale na wannan unguwar shugaban kwamitin ruwa, na naɗa Garba na waccan jami'in rabon ruwa.

Garba ya ce, "Shugaba, to mene ne bambancin aikina da na Sale?"

Na ce, "Za ku gane in an fara aiki."

Ni kaina ban san bambancin ba. Na ga dai duk sun yi murmushi, sai na ɗauka na yi dabara. Aka liƙa kwalin a zauren dagaci, mutane suna zuwa a nuna musu inda sunansu yake.

Kin tuna Baba Tanko, tsohon nan mai doguwar gora da ƙugiya a bakinta? Yana cikin leburorin da suka haƙa magudanar tun farko. Tun daga lokacin, kullum bayan sallar asuba sai ya bi gefenta daga ƙofa har tsamiyoyi. Ba wanda ya sa shi. Ya fizge ciyawa nan, ya toshe ramin ɓera can, ya ce wa wannan, "Ruwa zai iso ka bayan azahar, ka shirya," ya ce wa Fulanin ruga su kai shanu ta wajen dutse kada su rusa gaɓa. Mun saba ganinsa har mun daina ganinsa. In an cire amfani a ɗebo masa kwando ko tiya, shi ke nan.

Ranar da aka liƙa kwalin ya daɗe yana kallo, ga shi bai iya karatu ba. Sai ya ce, "Malam Habu, ni ina nake a nan?"

Na duba sama na duba ƙasa, babu akwatin da zan sa shi. Mai yawo a bakin ruwa ba muƙami ba ne. Na ce, "Baba, ai kai ka gama naka. Yanzu komai yana da kwamiti. Ka zauna ka huta, mu 'ya'yanka mu yi."

Wallahi girmama shi na yi niyya. Ya ce, "To," ya ɗauki gorarsa ya fita.

Aka yi wata biyu lafiya. Na fara jin kaina. Sai zafi ya shigo, tumatur ya yi fure, lokacin da in ya rasa ruwa kwana kaɗan furen ke zubewa. Ran nan da hantsi ina zaure, ga Audu. Kin san shi, Audu na wajen tsamiyoyi, wanda tun muna yara muke cin tuwo a kwano ɗaya, shi ne ya raɗa miki suna a kunne ranar da ba na gari. Gonarsa ce ta ƙarshe a magudanar.

Ya ce, "Habu, kwana uku ke nan ruwa ba ya iso mu. Sai ɗan tsiyaya."

Ina riƙe da takardu. Na ce, "Audu, yanzu akwai ƙa'ida. Ba ni ke riƙe da ruwa ba. Ka je wurin Sale."

Ya je wurin Sale. Sale ya ce shi nasa tsare-tsare ne, rabo na Garba ne. Garba yana kasuwar Bunkure, sai washegari ya same shi. Garba ya ce ƙofa a buɗe take har sama, in ruwa bai isa ba to toshewa ce, wannan kuwa aikin kwamitin yasa ne. Shugaban yasa ya ce ba shi da ikon kiran gayya sai sakataren ƙungiya ya sanar. Sakatare ya ce ba ya sanarwa sai an yi taro, kuma shugaba ne ke kiran taro. Kowannensu gaskiya ya faɗa, Uwata. Haka na zana a kwalin. Ba wanda ya ƙi aikinsa, ba wanda ya yi ƙarya. Wannan ne abin da har yau yake juya min kai.

Ranar ta shida Audu ya dawo zauren, ƙafafunsa duk ƙura. Ya ce, "Na bi ƙa'idar taka. Ta zagayo da ni wurinka."

Na kira taro bayan la'asar. Muka ɓata lokaci har magariba ana gardama a kan wanda ya kamata ya fara sani. Sale yana nuna layin da ya sauko daga akwatinsa, Garba yana nuna nasa. 'Yan sama suna cewa su dai ruwa yana zuwa musu. Ba wanda ya ce mu tashi mu je mu duba magudanar, har da ni. Muna zaune muna duban kwali.

Da safe na rasa abin yi, na tafi gidan Baba Tanko. Ban gama bayani ba ya miƙe ya ɗauki gorarsa. Bai nufi ƙofa ba, bai nufi tsamiyoyi ba. Kai tsaye ya wuce inda magudanar ke shigewa ƙarƙashin hanya. Ya naɗe wando ya shiga, ya zura ƙugiya cikin bututun, ya dinga jawo ciyawa da laka da tsofaffin buhuna. Kafin rana ta ɗaga ruwa ya ɓalle da ƙarfi. Ya ce tun da aka gina wurin bututun ya karkace, duk bayan kwana uku ko huɗu sai an zaƙulo shi, in ba haka ba datti ya yi ta taruwa a hankali har wata rana ya toshe. Shekara da shekaru yana yi, ba wanda ya sani a cikinmu.

Na ce, "Baba, me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Wa zan faɗa wa? Kai ka ce in huta. Na je wurin Sale, ya ce in bari sai ranar taro. Na zo zan shiga da kaina, mutanen yasa suka ce aikinsu ne, kada in sa a ce ba sa yi."

Ruwan ya isa gonar Audu a ranar, amma fure ya riga ya zube, ganye ya ƙone. Duk abin da ya mallaka a wannan tumatur ya zuba shi. Kafin damina ya ba ƙaninsa gonar, ya tafi Kano yana acaɓa, mutum mai furfura.

To ki nemi Baba Tankon asibitinku. Akwai shi, ko akwai ta. Wataƙila mai shara ce, wataƙila maigadi. Kafin ki sauya komai, ki yi wata guda kina kallon wanda ke yin ƙananan abubuwan da ba a rubuta wa kowa ba. Kuma aiki ɗaya ki ba mutum ɗaya, ko ran wani zai ɓaci. Ɓacin ran Garba na kwana biyu da ya fi min sauƙi.

Da a nan labarin ya tsaya da na ce miki ki guji kwali da akwatuna, shi ke nan. Amma ga kuskurena na uku. Cikin fushi na je na yage kwalin a gaban mutane, na ce an rushe duk kwamitoci, a koma yadda iyayenmu ke yi, kowa ya ji tsoron Allah. Aka yi min kabbara. Rani na gaba masu manyan gonaki na sama suka dinga tare ruwa duk lokacin da suka ga dama. Na ce wa Sale ya je ya yi wa wani Alhaji magana, don maƙwabcinsa ne.

Sale ya ce, "Da sunana yana kwali, ina zuwa in ce masa Alhaji rufe, ya rufe, don ba ni ke magana ba, ƙungiya ce. Yanzu in je a matsayin wa? Bana ma a gonarsa ɗana yake aiki."

Ashe kwalin da ya kashe tumatur ɗin Audu shi ne kuma yake ba talaka bakin yi wa mai ƙarfi magana. A wannan ranin kuma ƙafa ta kama Baba Tanko, ya daina fita. Sai muka ga duk abin da ya sani a kansa yake, kamar yadda makulli ya zauna a aljihuna. Na je da takarda na zauna a gabansa kwana uku yana faɗa ina rubutawa: inda gaɓa ke zaizayewa, inda ake satar ruwa, watan da ciyawa ke yawa. Ko rabi ban samu ba Allah ya yi masa rasuwa.

Innarki ce ta fitar da ni, tana shanyar shinkafa a tsakar gida ina ta ƙorafi. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Ni ban san kwamiti ba. Amma me zai hana ku ba wanda ruwa ke isa wurinsa a ƙarshe makullin? Ai shi zai fara sani in babu."

Haka muka yi. Ƙanin Audu ne ke riƙe da makulli, akwai na biyu a gidan dagaci. Muka kafa allon katako a jikin masallaci, aka rubuta ranakun ban ruwa da sunan mutum ɗaya a gaban kowane aiki, har da bututun ƙarƙashin hanya. Kwamiti biyu kawai muka mayar. Abin ya yi sauƙi, ban ce ya gyaru ba. Yanzu 'yan sama ne ke kuka, suna cewa an danne su, kuma wani lokacin da gaskiyarsu.

Abin da ya fi ɗaure min kai, reshen da ke gabas da mu kwamitocinsu sun fi waɗanda na zana yawa, kuma ruwansu yana tafiya lafiya. Na wajen Kadawa da na sani ko allo ba su da shi, su ma lafiya. Na je na zauna da su duka, na yi tambaya, na dawo ban gane ba. Wani lokaci in ce tsari ne, wani lokaci in ce mutanen ne, wani lokaci in ce ni ne. Don haka ba zan ce miki ga zanen da za ki bi ba. In an ba ki na ofis ki karɓa, ki girmama shi, amma ki riƙa tashi daga kujera. Wata rana ki tsaya a bakin ƙofa kamar mara lafiya, ki bi hanyar da suke bi, daga karɓar kati har karɓar magani, ki ga sau nawa ake ce wa mutum ba nan ba ne.

Saura abu ɗaya, shi ne ya fi min nauyi. Bara na shiga Kano sayen maganin feshi. Na fito daga tasha na ɗaga hannu, mai babur ya tsaya, ashe Audu ne. Tun da ya tafi gaisuwar sallah kawai ke haɗa mu. Ya ce in hau. Da muka isa na roƙe shi ya kashe babur, muka tsaya a inuwar wani shago. Na ce ya yafe min tumatur ɗinsa.

Ya ce, "Tumatur ai na Allah ne, Habu. Na taɓa asarar da ta fi wannan, kana nan. Ba shi ne ya kore ni ba."

Na ce, "To mene ne?"

Ya ce, "Ranar da na zo zaure da farko. Shekara hamsin muna tare, na zo maka hankalina a tashe. Ko zauna ba ka ce min ba. Kana duban takarda ka ce in je wurin Sale. Da ka tashi ka ce mu je mu gani, ko ba mu samo komai ba, da ina gida yanzu."

Ni duk shekarun nan ina ta lissafin inda zanena ya karkace, ko kwamitoci ne suka yi yawa, ko layi ne ban ja daidai ba. Ban taɓa tuna cewa ban ba shi wurin zama ba. Ya ce ya yafe, ya tayar da babur. Na ce ya dawo gida, gonarsa tana nan. Ya ce zai duba. Har yau bai dawo ba, amma da azumi ya aiko wa Innarki da dabino.

Uwata, za a zo miki. Wata mata za ta shigo da yaro a kafaɗa, ta faɗo ofishinki alhali ba nan ya kamata ta fara zuwa ba. Ƙa'ida za ta ce ki tura ta wurin mai kati, kuma ƙa'idar ba ta yi laifi ba. Ki ajiye biron, ki ce mata sannu, ki tashi ki raka ta da ƙafarki.

Allah ya ba ki ikon riƙe amanar da aka ɗora miki. Allah ya sa ma'aikatanki su zame miki 'yan'uwa, ya kare ki daga girman kai da kuma tsoron mutane. Allah ya tsare ku a hanya da gida, ya raya mana yaran, ya sa duk wanda ya shigo asibitin nan da ciwo ya fita da sauƙi. In kin yi kuskure, kuma za ki yi, Allah ya sa ki gane shi da wuri fiye da yadda na gane nawa. Amin.

Wassalam.

Mahaifinki,
Habu